Idan Faifai Ya Yi wa Kwamfuta Ƙarya: Yadda Direban Linux Ke Zama da Na'urori Masu Hali

Kwanakin baya wani abokina mai ɗaukar bidiyon biki ya kawo min ɗan akwatin roba, irin wanda ake zura faifan ajiya a ciki a jona da kwamfuta ta USB. Kukansa ɗaya ne. Idan hoto ɗaya ko biyu zai kwafa, lafiya lau. Da zarar ya ce zai juye bidiyon kamu da na ɗaurin aure gaba ɗaya, sai aikin ya tsaya cak a tsakiya, 'yar fitilar akwatin ta yi ta ƙyaftawa, can sai faifan ya ɓace daga allo kamar an zare shi. Ya canza waya, ya canza rami, har wani mai gyara ya ce masa faifan ne ya mutu. Faifan kuwa ƙalau yake. Da na jona shi a kwamfutata mai Linux, wato babbar manhaja mai tafiyar da kwamfuta kamar Windows, na buɗe rahoton da manhajar ke rubuta wa kanta, sai ga layuka suna ta maimaituwa: an aika umarni, shiru, an jira daƙiƙa 30, an sake tayar da na'urar. Na ƙara wasu 'yan haruffa a umarnin tashin kwamfutar, waɗanda ma'anarsu ita ce, wannan akwatin ko ya ce ya iya sabon yare kar a yarda, a yi masa magana da tsohon. Bidiyon ya juye tas, sai dai ya ɗan ja lokaci.

Abin da na yi wa akwati ɗaya da hannu shi ne abin da masu kula da direbobin ajiya na Linux suke yi wa ɗaruruwan na'urori shekara da shekaru. Idan ka ji an ce an inganta dacewar direba da na'urori, kar ka ɗauka wata sabuwar fasaha aka ƙirƙiro. Galibi an gano wata na'ura ce da ke faɗin abin da ba haka yake ba game da kanta, aka rubuta sunanta, aka rage yardar da ake yi mata.

Sunan direba ma yana ruɗar mutane, don mu dai direba mai tuƙa mota muka sani. Aikinsa a kwamfuta ya fi kama da na tafinta. Babbar manhaja ta san abu kaɗan ne: a ba ni abin da ke gurbi mai lamba kaza, a ajiye min wannan a gurbi mai lamba kaza. Direba ne ke juya wannan buƙata zuwa yaren da na'urar ke ji. Yarukan da suka fi yawo a yau uku ne. Akwai SATA, wanda tsofaffin faifai masu juyawa da SSD (faifan da ba ya juyawa, a guntayen lantarki yake ajiya) masu siffar ɗan littafi suke ji. Akwai NVMe, wanda ƙa'idarsa ta farko ta fito a 2011, na 'yan siraran SSD da ake ɗaurewa a jikin allon kwamfuta da noti ɗaya. Sai na USB, na filash da akwatunan waje. Kowane yare yana da kundin ƙa'ida mai ɗaruruwan shafuka da kamfanoni suka haɗu suka amince da shi. Da kowa na bin kundin nan sau da ƙafa, da direba ɗaya da aka rubuta sau ɗaya ya wadatar har abada.

Ga inda gizo ke saƙa. Duk lokacin da kwamfuta ta tashi, direba yakan tambayi faifai: wane ne kai, me ka iya? A SATA amsar takan zo cikin bayit 512 cif, bayit ɗaya kuwa wurin harafi ɗaya ne. A ciki akwai sunan samfuri mai gurbin haruffa 40, lambar manhajar cikin faifan mai haruffa 8, lambar shaida mai 20, sai tarin alamomi na e ko a'a: na iya wannan, ban iya wancan ba. A NVMe takardar ta fi girma, bayit 4096. Direba ba shi da hanyar tantance gaskiyar takardar nan. Ba zai iya gwada kowane umarni a kan bayanan mutane ya ga ko za su lalace ba. Abin da faifai ya faɗa shi yake ɗauka, kamar mai ɗaukar ma'aikaci da takardar shaida ba tare da jarrabawa ba.

Babu labarin da ya nuna wannan kamar na TRIM, don haka bari in tsaya a kansa.

SSD ba ya iya rubutu a kan rubutu. Kafin ya sake amfani da wuri sai ya share shi, kuma sharewar ba ta yiwuwa sai a babban yanki lokaci ɗaya. Matsalar ita ce idan ka goge fayil, manhaja a littafinta kawai take soke sunansa, faifan bai san an yi ba. Sai ya ci gaba da tattalin shara yana kwashe ta daga wuri zuwa wuri kamar kayan daraja, yana rage gudu, yana cinye kwanakinsa. TRIM shi ne umarnin da manhaja ke aika masa ta ce, gurabe kaza da kaza ba kowa a ciki, ka share abinka. Windows 7 ta zo da shi a 2009, Linux ma ta bi ba da jimawa ba.

To akwai wata dabara a SATA mai suna NCQ, wadda ke ba kwamfuta damar jera wa faifai umarni har 32 a lokaci guda, shi kuma ya zaɓi wanda zai fara da shi. Kamar ka aiki yaro kasuwa da jerin cefane ne, ya bi rumfuna yadda hanya ta fi masa sauƙi, maimakon ya dawo gida bayan kowane kaya. TRIM na farko ba ya shiga wannan layi. Kafin a aika shi sai an dakatar da komai, a jira layin ya ƙare, a aika shi shi kaɗai, sannan a ci gaba. Kwamfuta takan ɗan yi tuntuɓe a lokacin. Ƙa'idar SATA 3.1 ta 2011 ta kawo TRIM mai shiga layi, Linux kuma ta fara amfani da shi a fitowarta ta 3.12 a ƙarshen 2013. Sharaɗin kawai shi ne faifai ya ɗaga alamar cewa ya iya.

Crucial M500 na kamfanin Micron ya ɗaga alamar. Da aka aika masa umarnin sai bayanan mutane suka fara lalacewa. Ka lura da irin wannan ɓarna: ba tsayawa kwamfuta ke yi ka san akwai matsala ba, shiru abin ke faruwa, sai ranar da ka buɗe fayil ka tarar da shirme. Maganin da aka yi layi ɗaya ne a wani jeri da ke cikin fayil ɗin libata-core.c: sunan faifan, lambar manhajar cikinsa, sai alamar da ke cewa kar a aika masa TRIM ta layi. Shekaru da yawa ana kiran alamomin nan da wata kalmar barkwanci ta masu rubuta manhaja, horkage, wato dai ɓarna ko lalacewa, sai a 2024 aka sauya musu suna zuwa mai ɗan ladabi. Ni kundin masu hali nake kiran jerin.

Abin sha'awa a kundin shi ne yadda kowane layi ke nuna hukuncin da wani ya yanke. Crucial M550 da MX100 an rubuta su tare da lambar manhajar ciki MU01 kaɗai, domin kamfanin ya gyara matsalar a wadda ta biyo baya, duk wanda ya sabunta ya fita daga takunkumi. M500 kuwa gurbin lambar a buɗe aka bar shi, ma'ana kowace ya ɗauka hukuncin ya hau kansa.

Na Samsung ya fi kowanne ja da baya da gaba. A 2015 aka samu rahotannin matsala a wasu samfuransu, sai aka rubuta sunan da tauraro a ƙarshe, “Samsung SSD 8*”, wanda ya kama duk faifan da lambarsa ta fara da 8, har waɗanda ba a ƙera ba tukuna. Wake ɗaya ya ɓata gari ke nan. A 2018 da 860 ya fito aka ce ai wannan an gyara shi, bai kamata laifin yayyensa ya shafe shi ba, sai aka taƙaita layin zuwa 840 da 850. Shekara uku ana tafiya a haka, rahotanni na ta taruwa daga masu 860 da 870 cewa kwamfutarsu na sandarewa. A 2021 aka mayar da su cikin kundin. Bahaushe ya ce ba a shaidar ɗan kuturu sai ya shekara da yatsa. Kuma a wannan karon aka gano wani abu na daban: idan faifan nan yana haɗe da tsofaffin allunan AMD masu na'urar SATA da ke ɗauke da lambar kamfanin ATI, ba TRIM kaɗai ba, layin NCQ ɗin gaba ɗaya ne ke rikicewa. Sai aka ƙirƙiro sabuwar alama da ba ta aiki sai an haɗu biyu, wannan faifai a kan wancan allo. Ta fuskar NCQ, kowannensu shi kaɗai lafiya yake.

Wannan ita ce ainihin wahalar aikin, kuma ba ta rubuta manhaja ba ce. Yaro mai wata shida da fara koyon yaren rubuta manhaja na C zai iya ƙara layin. Tambayar ita ce faɗin takunkumin. Ka matse shi, wasu su ci gaba da asarar bayanai don sunan faifansu ya bambanta da harafi ɗaya. Ka faɗaɗa shi, ka rage wa dubban mutane gudun na'urar da suka saya da kuɗinsu ba tare da ta yi laifi ba. A ganina idan maganar lalacewar bayanai ce, faɗaɗawa ita ce daidai, don wanda aka rage wa gudu zai yi tsaki ne kawai, wanda hotunan aurensa suka zama shirme kuwa ba shi da wurin kai ƙara.

Amma kar a ɗauka kullum na'ura ce mai laifi. A tsakiyar 2015 kamfanin Algolia, mai harkar binciken bayanai a intanet, ya bayyana cewa fayiloli na lalacewa a manyan kwamfutocinsa masu SSD na Samsung, kuma da suka kashe TRIM abin ya daina. Duniya ta ɗauka an sake kama Samsung. Da injiniyoyin Samsung suka bi diddigi sai aka tarar kuskuren a cikin Linux yake, a wurin da ake raba umarnin TRIM gida-gida idan an haɗa faifai da yawa sun zama ɗaya ta hanyar RAID. Manhajar ce ke aika wa faifan lambobin gurabe da ba su ba, shi kuma yana share abin da aka ce ya share. A watan Yulin shekarar aka gyara. Da an yi gaggawar rubuta waɗannan faifai a kundi an rufe magana, da kuskuren ya zauna yana jiran wasu.

NVMe ya zo da alƙawarin kawar da tsofaffin matsaloli. Maimakon layi ɗaya mai umarni 32, ƙa'idarsa ta yarda da layuka sama da 65,000, kowanne da umarni kusan haka. Direbansa ya shiga Linux 3.3 a 2012. An yi zaton tunda yare ɗaya ne sabo fil, ba za a buƙaci kundin masu hali ba. Yau shi ma yana da nasa mai tsawo, kuma babban abin da ya cika shi barci ne.

Don batirin laftof ya daɗe, ana so faifai ya yi gyangyaɗi idan ba a aiki da shi. Faifan NVMe yana da matakan barci, daga rufe ido zuwa barci mai nauyi, kuma shi ke gaya wa direba tsawon lokacin da yake buƙata kafin ya farka daga kowanne. Linux 4.11 ta 2017 ta fara ba faifai izinin shiga barcin da kansa. Sai wasu suka shiga mafi zurfin suka ƙi tashi. Direba ya leƙa ya karanta halin da faifan ke ciki, sai ya ga 0xffffffff, wato ɗaya-ɗaya zalla daga farko har ƙarshe, abin da ake gani ke nan idan aka yi sallama a layin PCIe, wanda ke haɗa faifan da allon kwamfuta, babu kowa a gidan. Ga mai amfani, kwamfuta ce ta daskare bayan ya tashi shan ruwa ya dawo. An ga haka a wasu faifan Samsung irin su 950 PRO da PM951, amma bincike ya nuna a laftof biyu na Dell ne abin ke faruwa, XPS 15 9550 da Precision 5510. Don haka direban yakan duba sunan kwamfutar ma, ba faifan kaɗai ba, in sun haɗu sai ya hana barci mafi zurfi ya bar sauran matakan. Kingston A2000 ya shiga jerin a 2021 ba tare da sharaɗin kwamfuta ba. Wanda faifansa bai shiga kundi ba tukuna yana iya rubuta nvme_core.default_ps_max_latency_us=0 a umarnin tashi, sai dai ya sani ya hana faifan barci kwata-kwata, batir ne zai biya kuɗin.

Apple nasa salon daban ne. Ƙa'ida ta ce kowane umarni a layin NVMe bayit 64 ne, na'urar ajiyar kwamfutocin Mac na 2018 masu guntun T2 ta ce ita 128 take karɓa. Sai da aka koya wa direban wannan a Linux 5.4 kafin ya iya aiki da faifansu.

Mu koma kan akwatin abokina, don a USB ne abin ya fi muni, kuma shi ne ya fi shafar talaka. Faifan da ke cikin akwatin SATA yake ji, kwamfuta kuma ta USB take magana, saboda haka akwai ɗan guntun lantarki a tsakani da ke tafinta. Kamfanoni kaɗan ne ke ƙera waɗannan guntaye, irin su JMicron da ASMedia na Taiwan, amma masu haɗa akwati ba su ƙirguwa, kowa da irin manhajar da ya ɗura wa nasa. Tsohon yaren USB na ajiya, wanda ke nan tun 1999, umarni ɗaya yake ɗauka a lokaci guda. Sabon, UAS, yana jera su da yawa, ya fi sauri nesa ba kusa ba. Da Linux 3.15 ta kunna shi a 2014, akwatuna da yawa da ke cewa sun iya sai suka fara shaƙewa idan aiki ya yi yawa. Abin da na rubuta wa abokina shi ne usb-storage.quirks, sai lambar kamfani, lambar samfuri, sai harafin u, wanda ke nufin a manta da UAS a wannan na'ura.

A nan gane mai laifi ma aiki ne. ASMedia ya fitar da guntu mai matsala, ASM1051, da wanda ya gyaru, ASM1053, amma ana samunsu da lambar shaida iri ɗaya. Dole direba ya koma duba wasu alamomi na gefe, kamar yawan hanyoyin aika bayanai da guntun ya ce yana da su, don ya hasashi wanne ne a gabansa. Akwatunan Seagate kuwa an yi musu kuɗin goro, an hana aika musu wani nau'in umarni da ke ratsa tafinta ya isa faifan kai tsaye. Sakamakon shi ne manhajojin duba lafiyar faifai ba sa iya tambayarsa halin da yake ciki ta wannan hanya.

Akwai wani kuskure a tsofaffin na'urorin USB da nake jin daɗin bayar da labarinsa saboda ƙanƙantarsa. Idan aka tambayi na'ura girmanta, ƙa'ida ta ce ta faɗi lambar gurbinta na ƙarshe. Kwamfuta daga sifili take fara ƙirga, don haka mai gurbi 1000 na ƙarshensa 999 ne. Wasu masu ƙera na'ura sai suka riƙa faɗin jimillar, 1000. Linux ta ƙara ɗaya kamar yadda ya kamata, ta ɗauka akwai 1001, ta je karanta na ƙarshen da babu shi, na'urar ta sandare. An yi ta rubuta sunayensu ɗaya bayan ɗaya, wayoyi da kyamarori, har aka gaji. Daga baya sai aka yi dabara: ga kayan Nokia, Nikon, Pentax da Motorola, idan jimillar ta fito mara, wato ba ta rabuwa biyu, a rage ɗaya, tunda da wuya a ƙera ma'adana mai gurabe mara. Wanda ya taɓa jona tsohuwar Nokia mai memori da kwamfutar Linux ta buɗe ba gardama, wataƙila wannan lissafin ne ya yi masa aiki bai sani ba.

Me ya sa kamfani zai sayar da kaya mai irin wannan kuskure? Domin a wurinsa babu kuskure. Ya jona ta da Windows, ta yi aiki, ya zuba a kwali. Duk umarnin da Windows ba ta aikawa, ko girman tambayar da ba ta amfani da shi, ba wanda ya gwada. Masu direban USB na Linux sun daɗe da karɓar wannan gaskiya. Tambayar farko da ake yi wa na'ura bayit 36 cif ake nema a amsarta, don da yawa sukan shaƙe idan aka nemi fiye ko ƙasa da haka. Wata tambayar kuma 192 ake nema, kuma bayanin da ke jikin manhajar ya faɗi dalili ƙarara, abin da Windows ke nema ke nan. Wato akwai ƙa'idar takarda, akwai ta kasuwa, kuma idan suka saɓa ta kasuwa ce ke cin nasara. Wannan yana ɓata wa masu son tsari rai. Ni ban ga abin fushi ba, mai sayen filash ba kundin ƙa'ida ya saya ba.

Ƙaryar da ta fi ba ni tsoro, a matsayina na wanda ke zaune inda ake ɗauke wuta ba sallama, ita ce ta “na ajiye”. Faifai yana da ɗan wurin riƙon ƙwarya mai sauri, inda yake tara abin da aka ba shi kafin ya rubuta a ma'adanar dindindin. Idan wuta ta ɗauke, abin da ke wurin ya tafi. Shi ya sa tsarin fayiloli irin su ext4 ke tsayawa lokaci-lokaci su ce wa faifai, juye duk abin da ka riƙe, ko kuma su aika rubutu da alamar FUA mai nufin kar ka ce min ka gama sai ya sauka ƙasa. Duk amincin tsarin a kan amsar nan ya rataya. Akwai guntayen USB, ciki har da JMS567 na JMicron, da suke cewa sun san FUA amma su yi watsi da umarnin da ke ɗauke da ita. Wannan da sauƙi, tunda an ga ƙin, sai a sa alama a koma hanyar juyewa gaba ɗaya. Na'urar da za ta amsa da “na gama” alhali ba ta gama ba, ita ce direba ba shi da yadda zai yi ya kama ta. Sai NEPA ta yi halinta a tsakiyar rubutu sannan a sani.

Wani lokaci kuma kundin kansa ne ke nuna cewa dokar ce ke da gyara. Ƙa'idar NVMe ta ce kowace ma'adana ta kasance da lambar da babu mai irinta a duniya. Wannan yana da muhimmanci a manyan cibiyoyin bayanai, inda faifai ɗaya ke iya bayyana ta hanyoyi biyu, kuma da lambar ake gane cewa shi ɗin ne dai. Linux 5.18 ta 2022 ta fara tsanantawa: faifai biyu masu lamba ɗaya, ba a karɓar na biyun. Sai ga shi masu ƙera SSD masu araha da yawa lamba ɗaya suke buga wa duk abin da ya fito daga masana'anta. Mutum ya sayi biyu iri ɗaya, ya sabunta manhaja, ɗaya ya ɓace. Fiye da shekara ana ta ƙara sunaye a kundi, wannan na fita wancan na shigowa. A 2023 aka sauya dokar: idan faifai na gida ne mai ƙofa ɗaya a PCIe, wanda ba zai taɓa bayyana ta hanya biyu ba, a yi gargaɗi a rahoto a karɓe shi. Gyara ɗaya ya maye gurbin layukan da ba a san ranar ƙarewarsu ba.

Akasin haka ma ya faru. Na'urar SATA ta ASM1166 ramuka 6 gare ta amma takan ce 32 ne, kwamfuta ta ɓata lokaci wurin tashi tana leƙa ramukan da babu su. A farkon 2024 aka sa mata takunkumi a tsaya a 6. Ashe akwai katunan da aka ƙera da guntun nan aka ƙara musu na'urar ninka ramuka, kuma ta waɗancan lambobin na sama faifansu ke bayyana. Masu su suka wayi gari faifai sun ɓace. An gudu gara an faɗa gidan zago. Dokar Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiri Linux, a kan wannan ba ta da sassauci, abin da ke aiki jiya ba a karya shi yau, don haka aka janye gyaran, jinkirin tashi ya dawo.

Masu gyaran kwamfuta a kasuwanninmu sun san wani ɓangare na wannan labari ko da ba su taɓa buɗe Linux ba. Ka zo ɗora Windows a laftof mai Intel zubi na 11, ka iso wurin zaɓen faifai, allo fayau babu komai. Faifan na nan, Intel ne ya ɓoye shi a bayan wata na'ura tasa ta RST ko VMD, sai ka ɗora direbanta daga filash ko ka shiga BIOS, wurin saita kwamfuta kafin babbar manhaja ta tashi, ka kashe ta. Tsofaffin hannu za su tuna zamanin Windows XP da danna F6, da shuɗin allo mai lamba 7B idan aka sauya BIOS zuwa AHCI, hanyar da aka saba magana da faifan SATA, bayan an gama ɗorawa. A 2016 Lenovo ya fitar da Yoga 900 a kulle a yanayin RAID babu zaɓin sauyawa, Linux ta kasa ganin faifan sam, har sai da kamfanin ya fitar da wani BIOS mai zaɓin AHCI bayan an yi ta ƙorafi. Har yau idan direban AHCI na Linux ya tarar an ɓoye NVMe ta wannan tsohuwar hanya, abin da yake yi shi ne ya rubuta a rahoto cewa ya ga faifan da aka ɓoye, a je BIOS a sauya.

Ta yaya suna ke shiga kundin? Ba wani ɗakin gwaji da ke sayen kowace na'ura a duniya. Mutum ne kamar ni da kai zai ci karo da matsala, ya kwafi dmesg, wato rahoton nan da Linux ke rubuta wa kanta, ya haɗa da lambobin da lsusb ko lspci suka nuna, ya gwada alamomin hannu irin su libata.force=noncq har ya gano wadda ta kashe wutar, sannan ya aika wa masu kula da sashen. Su kuma su yi tambayoyi: ka canza waya? Wutar da ke isa faifan ta isa? Wace manhajar ciki yake ɗauke da ita? Tambayar waya da wuta ba raini ba ce, da yawa daga abin da ake ɗora wa direba daga nan yake. Direban SATA ma da kansa idan kurakurai suka yi yawa yakan sauko da gudu daga gigabit 6 zuwa 3 zuwa 1.5, don sau da yawa waya ce ta tsufa. Idan an gamsu, layin ya shiga, ya bi fitowar Linux da ake yi kusan kowane mako tara zuwa goma, sannan a mayar da shi tsofaffin fitowa da ake ci gaba da kulawa da su.

Wannan tsari yana da son kai da ba wanda ya shirya shi. Na'urar da ke hannun masu iya rubuta rahoto ita ke samun gyara. Laftof ɗin Dell mai tsada da injiniyoyi ke riƙewa ya samu layinsa cikin 'yan watanni. Akwatin da ba shi da suna, wanda aka sauke a kwantena aka baza a tebur a kasuwar Farm Centre ta Kano ko Computer Village ta Legas, yana iya shekaru yana wahalar da mutane ana cewa faifai ne ya mutu. Na duba lambobin akwatin abokina a unusual_uas.h, jerin na'urorin USB da aka san suna da matsala da UAS, ban same su ba. Na kwafe rahoton da lambobin na ajiye don in aika, shi kuma na rubuta masa haruffan a takarda na manna a bayan akwatin da salatif, saboda ranar da zai jona shi a wata kwamfutar.